Babi na Shida: Daga Maƙerar Gaya zuwa Sararin Samaniya

Injiniyancin jiragen sama da na sararin samaniya fanni ne da ya ƙunshi tsarawa da ƙerawa da gwada duk wata na'ura da aka yi domin ta tashi daga doron ƙasa, kuma masana sun raba shi gida biyu. Gida na farko ya shafi abubuwan da ke tafiya cikin iska suna dogara da ita, kamar jirgin fasinja da jirgi mai saukar ungulu da jirgi maras matuƙi, na biyu kuma ya shafi waɗanda ke wuce iyakar iskar baki ɗaya, wato roka da kumbo da tauraron ɗan'adam. Babu wanda ke shiga wannan fanni da rana tsaka, domin lissafin da yake buƙata ana tara shi ne shekara bisa shekara tun daga ƙaramar sakandare, shi ya sa ƙasashen da suka yi nisa a cikinsa suke kashe kuɗi wajen shirye-shiryen da ke jawo hankalin yara tun suna ƙanana. Abin da wannan babi zai duba shi ne yadda irin waɗannan shirye-shirye suke gina matashi, da kuma abin da suke nufi ga yaron da ya tashi a Gaya ko Ajingi, ƙananan hukumomi biyu na gabashin Jihar Kano da yawancin mutanensu manoma ne.

Ƙasar Gaya tana da tsohuwar alaƙa da aikin ƙarfe, domin tarihin da aka gada ya nuna cewa Abagayawa, maƙeran da suka fara zama a gindin Dutsen Dala suna haƙar tama suna narkar da ita, daga Gaya suka taso, har ana danganta sunan birnin Kano da ɗaya daga cikinsu. Ita ma Kano ta ga farkon zamanin tashi sama da idonta: a watan Nuwamba na 1925 jirage uku na sojan saman Birtaniya da suka taso daga Masar suka sauka a birnin, saukar da ake lissafawa a matsayin ta farko a Najeriya. A farkon shekarun 1960 kuma hukumar sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, ta kafa tashar bin sawun kumbo a Kano, ɗaya daga cikin jerin tashoshin da suka kewaye duniya suna sauraron ɗan sama jannati John Glenn lokacin da ya zagaya duniya sau uku ranar 20 ga Fabrairu, 1962. Shekara guda da rabi bayan haka, a watan Agusta na 1963, Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi magana ta waya da Shugaba John Kennedy ta hanyar tauraron ɗan'adam mai suna Syncom 2. A duk waɗannan lokuta Najeriya ta ba da fili ne kuma ta zama shaida, amma hannun da ya ƙera na'urorin na wasu ne, kuma wannan giɓi shi ne ainihin abin da ilimin sararin samaniya na matasa yake neman cikewa.

Najeriya ta kafa hukumarta ta bincike da bunƙasa harkokin sararin samaniya, wadda aka fi sani da NASRDA, a 1999, kuma yadda ta samar da injiniyoyinta na farko ya ƙunshi darasin da ya shafi koyar da yara kai tsaye. Da aka ba kamfanin Surrey na Ingila kwangilar ƙera NigeriaSat-1, tauraron da aka harba daga Plesetsk a Rasha cikin Satumba na 2003, an haɗa da sharaɗin horar da matasan injiniyoyin Najeriya goma sha biyar a cikin masana'antar, suna kallo suna sa hannu. Rukunin da ya biyo bayansu ya wuce matakin kallo, domin su ne suka haɗa NigeriaSat-X da kansu ƙarƙashin kulawar ƙwararrun kamfanin, aka harba shi tare da NigeriaSat-2 ranar 17 ga Agusta, 2011. Tsakanin waɗannan nasarori biyu an ɗanɗana asara, lokacin da tauraron sadarwa NigComSat-1, wanda Sin ta ƙera ta harba a 2007, ya mutu a Nuwamban 2008 saboda farantansa masu tara hasken rana sun daina ba shi wuta, sai a Disamban 2011 aka maye gurbinsa da NigComSat-1R. Duk waɗanda aka tura horon Surrey sun riga sun yi karatun digiri kafin su tafi, amma ba su zama maƙeran tauraro ba sai da suka shekara suna haɗa na'ura, suna gwada ta, tana ƙi, suna neman dalili.

Aikin kai wannan ilimi makarantun yara ya fi rataya a wuyan cibiyar koyar da kimiyya da fasahar sararin samaniya ta ƙasashen Afirka masu amfani da Ingilishi, wadda aka buɗe a 1998 a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife tare da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya. Cibiyar tana kafa ƙungiyoyin sararin samaniya a makarantun firamare da sakandare, tana horar da malamai, tana shirya gasa, kuma ayyukanta sukan yi yawa a Makon Sararin Samaniya na Duniya, wanda ake yi daga 4 zuwa 10 ga Oktoba kowace shekara domin tunawa da harba Sputnik a 1957 da kuma fara aiki da yarjejeniyar amfani da sararin samaniya cikin lumana a 1967. Abin da ya fi yin suna daga wannan fage shi ne tafiyar Stella Felix, ɗalibar sakandare 'yar shekara 17 daga Ile-Ife, wadda a Satumban 2006 ta shiga jirgin gwajin rashin nauyi a Florida ta Amurka. Jirgin na musamman ne, yakan hau sama a tsaye-tsaye sannan ya saki kansa ya bi hanyar da dutsen da aka jefa yake bi, a cikin wannan ɗan lokaci na daƙiƙa ashirin da 'yan kai sai mutanen ciki su yi ta shawagi, saboda su da jirgin suna faɗowa ne tare da gudu ɗaya. Labarin ya shiga jaridu kuma babu shakka ya sa 'yan mata da yawa sun ɗaga kai sun dubi kimiyya da sabon ido, sai dai shiri irin wannan mutum ɗaya yake ɗauka a shekara, kuma tasirinsa a kan sauran yana dusashewa idan babu wani aiki da ke jiran su a aji ranar Litinin.

Aikin da ya fi gina yaro a cikin waɗannan shirye-shirye shi ne mafi arha a cikinsu, wato rokar ruwa. Ana samun robar lemon kwalba mai gas, irin mai cin lita ɗaya da rabi ko biyu, domin ita ce aka yi ta jure matsi, a zuba ruwa kimanin kashi ɗaya cikin uku, a toshe bakinta da abin toshiya da aka soka wa bakin tayar keke, a kifa ta, sannan a yi ta buga mata iska da famfon keke har matsin ya fi ƙarfin toshiyar. Da zarar ta buɗe, iskar da aka matse takan turo ruwan ƙasa da ƙarfi, robar kuma ta yi sama, wanda shi ne ka'ida ta uku ta Isaac Newton a zahiri: duk abin da ya tura wani abu, shi ma ana tura shi da daidai wannan ƙarfi ta ɗaya ɓangaren. Rokar da ke kai tauraro sama da wannan ka'ida take aiki, illa dai ita iskar wuta take fitarwa maimakon ruwa, kuma dole ta kai gudun kusan kilomita 28,000 a awa ɗaya kafin abin da ta ɗauka ya zauna a falakinsa, wato hanyar da zai riƙa bi yana kewaya duniya ba tare da ya faɗo ba.

Idan aka tsaya a harbawa da tafi da shewa, an yi wasa ne mai daɗi, kuma nan ne shirye-shirye da yawa suke tsayawa. Ilimin yana farawa lokacin da malami ya tambayi yara nisan da rokar ta kai a sama, ya kuma hana su amsawa da ƙiyasi. Ɗalibi zai auna mita talatin daga wurin harbawa ya tsaya, yana riƙe da ma'aunin kusurwa na cikin akwatin lissafi wanda aka ɗaura wa zare da ɗan dutse, ya saita shi kan rokar a daidai ƙololuwar tashinta, ya karanta kusurwar. Idan ta nuna digiri 45, tsayin ya yi daidai da nisan da ya tsaya, wato mita talatin, idan kuma ta fi haka ko ta gaza, sai ya koma ga lissafin kusurwoyi da aka koya masa a aji, wanda wataƙila har zuwa wannan rana bai san amfaninsa ba. Daga nan sai a canza abu ɗaya kawai, a ce yawan ruwa, a bar sauran yadda suke, a harba sau biyar ana rubutawa, yara su gano da kansu cewa ruwa kaɗan yakan ƙare kafin ya ba da turi sosai, ruwa mai yawa kuma nauyi ne da ke hana tashi. Rokar da ke wuntsila gudidi a iska takan koya musu wani abu daban, domin sai an manna mata fikafikan kwali a baya an kuma liƙa ɗan yumɓu a goshinta kafin ta miƙe, kamar yadda kibiyar maharbi take da nauyi a tsini. Yaron da ya cika littafi da irin waɗannan alƙaluma, har da na ranakun da komai ya lalace, ya fara ɗaukar ɗabi'ar injiniya, kuma ɗabi'ar ce aka je Surrey nema da kuɗi masu yawa.

Akwai wani gwaji da ya fi dacewa da 'ya'yan manoma. Daga 2013 ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da harkokin sararin samaniya ya raba wa makarantu da cibiyoyi a ƙasashe masu tasowa, har da Najeriya, wata ƙaramar na'ura mai suna kilinostat, wadda ke juya iri a hankali ba tsayawa, ta yadda saiwar da ke tsirowa ba za ta gane inda ƙasa take ba. Saiwa a ɗabi'arta tana bin jan ƙasa ne ta nufi ƙasa, to idan aka ruɗa ta da juyi sai ta yi tsiro irin wanda za ta yi a cikin kumbo, ɗalibai kuma su kwatanta ta da wadda aka bari a zaune. Yaron Ajingi da ya san ƙwayar gero da wake tun kafin ya san harafi yana da abin faɗa a wannan gwaji fiye da ɗan birni.

A matakin jami'a, rokar ruwa takan zama ɗan ƙaramin tauraro na gaske. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure ta shiga wani shiri na Cibiyar Fasaha ta Kyushu a Japan, inda aka ƙera Nigeria EduSat-1, tauraro mai siffar akwati da kowane gefensa santimita goma ne, nauyinsa kuma kimanin kilo ɗaya. An kai shi Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa a Yunin 2017, aka sake shi a falaki wata guda bayan haka tare da 'yan'uwansa na Ghana da Mongoliya da Bangaladash da Japan.

Idan aka dawo gabashin Kano aka dubi taswira, abin da zai fara bayyana shi ne nisa. Manyan cibiyoyin NASRDA suna Abuja da Ile-Ife da Nsukka da Epe da Anyigba da Jos da Toro, kuma kowace cibiya ta fi saurin isa ga makarantun da ke kusa da ita, inda kuɗin mota bai zama cikas ba. Amma yankin Gaya ba fanko ba ne ta fuskar kimiyya. Tun 1977 Jihar Kano ta ɗauki wani mataki da ya zama abin koyi, ta buɗe makarantun sakandare na kimiyya zalla a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ana zaɓo yara masu hazaƙa ta hanyar jarrabawa daga birni da ƙauye ana tara su a makarantar kwana, kuma likitoci da injiniyoyi da yawa na Kano da Jigawa daga nan suka fito. Tsarin ya faɗaɗa daga baya har ya kai ga makarantar kimiyya ta Maitama Sule da ke Gaya da ta 'yan mata da ke Garko. A Wudil kuma, kan hanyar da ta taso daga Kano ta ratsa Gaya ta nufi Dutse, akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha wadda ta fara aiki a 2001, aka sauya mata suna zuwa na Aliko Ɗangote a 2022. Samun jami'a mai sashen injiniya a maƙwabtaka babbar dama ce, domin ɗalibanta na iya riƙe ƙungiyar kimiyya a sakandaren Gaya ko Ajingi su je su dawo a yini ɗaya, kuma yaro ya fi gaskata cewa hanya a buɗe take idan wanda ya girme shi da shekara biyar kacal, mai magana da harshensa, ya tsaya a gabansa da na'urar da ya haɗa.

Wannan sarƙa tana da saurin tsinkewa. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan sace ɗalibai mata a Jangebe ta Jihar Zamfara, gwamnatin Kano ta ba da umarnin rufe makarantun kwana goma da ke wajen birni domin kare rayukan yara, kuma a cikinsu akwai makarantar kimiyya ta Maitama Sule a Gaya da sakandaren gwamnati ta Ajingi. Matakin na tsaro ne kuma babu uban da zai ƙi shi a irin wannan hali, amma lissafi da fiziks darussa ne da ake ɗora su kamar tubali, wanda ya rasa zango ɗaya yakan ji raɗaɗinsa shekaru biyu a gaba. Mai neman gurbin karatun injiniya sai ya ci Ingilishi da lissafi da fiziks da kimiyyar sinadarai a jarrabawar kammala sakandare, ya sake fuskantar su a jarrabawar JAMB, kuma babu wani bikin Makon Sararin Samaniya da zai maye gurbin malamin fiziks da ke zaune a garin yana shiga aji kullum. Gwamnatin jihar da kanta ta amsa girman matsalar lokacin da ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a watan Yuni na 2024.

Ga wanda ya tsallake wannan mataki, ƙofofin ba su da nisa kamar yadda ake zato. Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana horar da matuƙa da injiniyoyin gyaran jirage, Cibiyar Fasaha ta Sojan Sama da ke Kaduna kuma tana ba da digiri a injiniyancin jiragen sama da na sararin samaniya, tana karɓar farar hula tare da sojoji. A Kaduna aka ƙaddamar da jirage marasa matuƙa guda biyu da injiniyoyin sojan sama suka yi aikinsu, Gulma a Disamban 2013 da Tsegumi a Fabrairun 2018, sunaye biyu na Hausa da suka dace da jiragen da aikinsu leƙen asiri ne. Sha'awar ƙere-ƙere kuwa ba ta taɓa yin ƙaranci a ƙasar Kano ba: a 2007 kafofin labarai na duniya sun ɗauki labarin wani ɗalibin fiziks na Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin mota da tarkacen ƙarafa, har ya ɗaga daga ƙasa kaɗan. Irin wannan matashi ana samunsa a garuruwa da yawa, yana lanƙwasa gwangwani da waya yana fitar da siffar jirgi, jama'a su taru su yaba, wani mai hali ya ba shi kyauta, labarin ya mutu. Abin da ya rasa shi ne wanda zai zaunar da shi ya nuna masa yadda ake lissafa nauyin da fiffike zai iya ɗauka kafin a yanka ƙarfe, kuma abin takaici ne ƙwarai a ga hazaƙa irin wannan ta ƙare a matsayin abin kallo.

Wata dukiya da shirye-shiryen da aka tsara a manyan birane ba su cika lura da ita ba ita ce sararin saman ƙauye da ilimin da mutanensa suke da shi a kansa. Inda babu fitilun birni taurari sukan fito ƙarara, musamman bayan ɗaukewar ruwa kafin hazon hunturu ya rufe sama, kuma Bahaushe ya daɗe da sanya musu suna: Zara matar wata, da Gamzaki mai fitowa da asuba, da Kaza da 'ya'yanta. Malaman zaure masu ilimin hisabi suna lissafa taurarin damina su gaya wa manomi lokacin shuka, kowace shekara kuma jama'a na fita duban jinjirin watan azumi da na salla suna jiran sanarwar Sarkin Musulmi. A ƙarni na sha takwas ƙasar Katsina ta fitar da Muhammad ibn Muhammad al-Kashinawi, masanin lissafi da taurari da ya rasu a Alƙahira a 1741, sannan manya da yawa na tuna kusufin rana na 29 ga Maris, 2006, wanda duhunsa ya ratsa Zamfara da Katsina ya shiga Nijar. Malamin da ya fara darasi da tambayar dalilin da ya sa jinjirin wata ke bayyana a yamma bayan faɗuwar rana, ya bar yara su yi gardama da Hausa kafin ya kawo kalmomin littafi, ya sami hanyar shiga zukatansu da ta iyayensu. Bayan magariba yana iya nuna musu Tashar Sararin Samaniya tana wucewa kamar tauraro mai tafiya, a tsayin kilomita 400 ko kusa da haka, tana kewaya duniya cikin kimanin minti casa'in, da mutane a cikinta.

Ba duk wanda ya bi wannan hanya ne zai ƙera roka ba, kuma guraben aiki a fannin ba su da yawa a Najeriya, har wasu daga cikin waɗanda aka horar sun tafi ƙasashen waje. Aikin da ya fi kusa da Gaya da Ajingi shi ne fassara hotunan da taurarin ke aikowa, waɗanda ke nuna inda shuka ta yi kyau da inda fari ya taɓa, da yadda ruwa ke malala a kwarin kogin da ya ratsa Wudil ya nufi Haɗeja a shekarun ambaliya. Su kansu taurarin suna tsufa: an tsara NigeriaSat-X ya yi shekara biyar, NigeriaSat-2 ya yi bakwai, NigComSat-1R kuma goma sha biyar, dukkansu daga 2011, don haka ƙasar za ta ci gaba da buƙatar sababbi da masu ƙera su da masu sarrafa su daga ƙasa. Yaron da ya shiga ajin farko na ƙaramar sakandare a Ajingi yana da shekara shida a gabansa kafin ya gama sakandare, da biyar na digirin injiniya, da ɗaya ta hidimar ƙasa, wato shekara goma sha biyu idan ba a rufe makaranta ba kuma yajin aiki bai tsayar da jami'a ba.